Ranar da Aka Cika Ƙugena da Darma

Da sunan Wanda ya tsaga baki ya sa masa harshe, ya huda kunne ya sa masa ji, da shi nake buɗe wannan labari. Ku matso kusa ku gyara zama, don muryata ta yau ba ta jiya ba ce. Ni ne Tunau ɗan Mantau, mai shela ɗan mai shela, jikan mai shela. Wannan ƙarfen da kuke gani rataye a kafaɗata ƙuge ne, irin wanda ake bugawa a tara jama'a. Amma kada kowa ya wahalar da hannunsa a kansa, ko da taɓarya aka doke shi ba zai amsa ba. Yadda aka yi ya zama bebe, shi zan gaya muku.

A gidanmu akwai ƙa'ida guda wadda kakana ya bar wa ubana, ubana ya bar mini tare da ƙugen nan: ba ma tallan abin da ba mu gwada da jikinmu ba. In man shanu ne sai mun lasa, in takalmi ne sai mun taka ƙaya da shi, jaki kuwa sai mun hau mun ji tafiyarsa. Saboda haka duk ranar da ƙugen gidan Mantau ya yi ƙara a kasuwa, mata kan fara kwance bakin zane tun ba su ji abin da za a ce ba. Ba mu da gona, ba mu da garke. Duk abin da muka mallaka a duniya shi ne in mun faɗa a yarda.

A shekarun da yaƙe-yaƙe suka watsa ƙauyukan ƙasarmu, kasuwarmu ta mutu murus, har kare kan kwanta a rumfar mahauta ya tashi da yunwa. Sai na rataya ƙugena na bi ayarin fatake masu yin gabas, ina neman garin da ke da abin sayarwa da kunnen saurare. Muka yi kwana arba'in muna tafiya, har muka shiga Hamadar Farin Gishiri, inda ƙasa ke ƙyalli ta kashe wa mutum ido. Ran nan na ɗan ratse don in kama ruwa, ƙasa ta burma da ni cikin wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe, zurfinta ya kai gaba goma sha biyu. Ayari ya wuce, ba wanda ya waiwayo.

Kwana biyu ina ciki, ina buga ƙuge ina kurma ihu da irin muryar da Allah ya ba gidanmu. A rana ta uku sai na ga kai ya leƙo.

"Bawan Allah, ku nawa ne a ciki?"

Na ce, "Ni kaɗai ne. Ka taimake ni don girman Allah!"

"Kai kaɗai ka yi wannan ƙara? Tun hantsi nake bin muryarka a kan raƙumi, ga shi har azahar ta gota!" Ya ƙara leƙowa ya ce, "Sake kira in ji."

Na sake kira. Sai ya kwance rawaninsa ya ɗaura da igiyar raƙumi ya zuro mini. Da na fito na kama hannunsa na ga yatsa shida ne, ya ce shi ya sa ake kiransa Cindo, kuma dillanci ne sana'arsa. Ya ba ni ruwa kaɗan-kaɗan da hannunsa, ya dama mini fura. Nan take na rantse masa cewa daga ranar shi ɗan'uwana ne na jini, inda ya sa ƙafa nan zan sa tawa. Na yi kuka wurin rantsuwar nan, ba na jin kunyar faɗa.

Daga nan hanya ta kai mu Kwazazzabon Ɓarayin Murya. Wasu tsuntsaye ne a can, jajaye masu dogon wuya, waɗanda ba sa cin hatsi, ba sa cin nama, muryar mutane ce abincinsu. Da ka buɗe baki sai ɗaya ya kawo sura ya cafke maganar tun tana kan leɓenka, ka fita bebe har ka mutu, shi kuwa ya riƙa yawo da muryarka. Dabararsu ita ce sallama. Kana tafiya sai ka ji an ce maka "Salamu alaikum" da muryar dattijon kirki, kuma ɗan mutunci duk bai iya jin sallama ya yi shiru. Wani ma atishawa yake yi ya gode wa Allah, yana jiran ka yi masa addu'a.

Cindo ya san halin wurin. Tun daga baki ya cusa mini dunƙulen ƙaro a baki, ya naɗe mini haɓa da rawaninsa ya ƙulle ta ƙeya, ya toshe cikin ƙugena da tsumma. Shi bai ɗaure nasa bakin ba. Kwana uku muka yi a ciki, ana yi mana sallama ta hagu ana yi mana barka da hanya ta dama, ni kuwa maƙogwarona na ƙaiƙayi don son amsawa. Da wani tsuntsu ya matso mini, Cindo ya tare shi da hannunsa, ya sha sara har jini ya zuba, bai ce uffan ba. Da muka fita ya dafa mini citta da zuma, ya ce kada in yi magana mai ƙarfi sai bayan kwana biyu. Na ce a raina ko uwa ɗaya uba ɗaya muke, iyakar abin da zai yi mini ke nan.

Bayan wata guda muka iso Birnin Zarambu, kuma ban taɓa ganin gari mai surutu shiru irinsa ba. Kowane bango sanye yake da takardu tun daga ƙasa har inda tsani ya kai. Suna da wata na'ura ta katako mai kama da masaƙa, wadda ake danna wa baƙar tawada ta haifi takarda dubu a wuni ɗaya, kowace da irin rubutun 'yar'uwarta. Wata ta ce ga sabulun da ke mai da hankaka fari fat, wata ta ce ga maganin da ke tsiro wa tsoho haƙora. Ƙaryar ta yi yawa har mutanen garin suka daina karantawa, sai dai su ɓalle takardar su ƙunshe tsire. Masu kayan kirki da masu kayan banza duk suka zama ɗaya, don ba wanda ake yarda da shi.

Wata tsohuwa mai waina a Ƙofar Majema, ana kiranta Inna Tasalla, ita ta ba mu masauki a zaurenta, ba ta tambaye mu ko ɗiyan wa ne ba. Ba ta da miji ba ta da ɗa, sai rumfar da ta gada wurin uwarta da tanda mai gida goma sha biyu. Tallana na farko a garin nata ne. Na zauna na ci waina tara, sannan na tashi na buga ƙuge na ce, "Jama'a, ni baƙo ne, ban san kowa ba! Na ci wainar Inna Tasalla guda tara, ta goma cikina ne ya ƙi, ba bakina ba! Amma miyarta da yaji, mai ciwon ciki ya yi hankali!" Aka yi ta dariya, don ba su taɓa jin mai talla ya faɗi aibin kayansa ba. Kafin la'asar ƙullun Inna ya ƙare har tana kankare ƙwarya.

Daga ranar aiki ya buɗe. Maƙera, masaƙa, masu man ja, kowa na son ƙugen Tunau. Cindo ne ke tsaye a ƙofa yana tace masu zuwa. Wani attajiri mai gurɓataccen man gyaɗa ya zo da abin da zai ishe mu cin shekara, Cindo ya kore shi har waje yana faɗa, yana cewa bakin ɗan'uwansa ba na sayarwa ba ne. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai, na ɗauka tsoron Allah ne. Shekara biyu muka yi a haka, har ya zama a Zarambu in mutum biyu na gardama sai ɗaya ya ce, "Tunau ne ya faɗa," shi ke nan an gama. Ashe kiwo ake yi, ni kuwa ina ta cin dusa ina godiya.

Wata rana da hantsi Cindo ya zaunar da ni ya ce, "Ɗan'uwa, lokaci ya yi da za mu daina kwana a zauren mutane. Na sayi wani gandu wurin magadan wani basarake, can bayan Duwatsun Shuni, tafiyar kwana goma sha biyu. Ya fi ƙarfin mai saye ɗaya, don haka zan yanka shi gona ɗari in sayar da ƙuri'a, yadda ake yi a garin nan."

Yadda suke yi kuwa shi ne, a ɗauki sakaina a yi mata lamba da wuta a karya ta biyu. Mai saye ya ba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya riƙe ɓari ɗaya, ɗayan a jefa cikin wani ƙaton tulu. Ranar fitarwa makaho ya sa hannu ya zaro, wanda ɓarinsa ya haɗu da wanda aka zaro, kaya ya zama nasa.

Na ce, "Cindo, wannan ai kamar caca ce."

Ya ce, "Haba ɗan'uwa, magada ba sa jefa ƙuri'a wurin rabon gona? Wa ya taɓa ce musu 'yan caca? Nan talakan da bai taɓa mafarkin ƙasa ba zai samu."

Na ce, "To, ka dai san ƙa'idar gidanmu."

Ya ce, "Ni ma ba zan yarda ka taɓa ƙuge ba sai ka taka wurin da ƙafarka."

Muka tafi. Da muka gangaro daga Duwatsun Shuni na ga gandun, sai da na sauka daga raƙumi na yi sujada. Fili ne shimfiɗe kamar faifai, iyakar ganin ido, ƙasa baƙa wuluk, babu dutse babu kututture. Na tuɓe takalmi na zaga shi kwana huɗu. Na tona rami har kafaɗa na tarar da danshi, alhali rani ne tsakiyarsa. Na lashi ƙasar na ji ba gishiri. Na binne wake, kwana uku ya fasa ƙasa ya fito da kunne biyu. Duk gwajin da ubana ya koya mini na yi shi, ban tsallake ko ɗaya ba.

Abu biyu na gani da ban gane ba. Ko'ina a filin akwai wasu fararen ɓawo masu kama da wuri, na yi dariya na ce ƙasar nan don albarka har kuɗi take tsirowa. Sannan a kan tuddan da suka kewaye gandun akwai wasu dogayen gumaguman itace da aka fafe cikinsu, an kifa su jere-jere, sun fi hamsin.

Na ce, "Cindo, waɗancan fa?"

Ya ce, "Kai me ka gani?"

Na ce, "A wurinmu irinsu ake zuba wa dawaki dusa. Lallai basaraken nan ya tara dawaki."

Ya ce, "Idonka ya fi nawa, ɗan'uwa."

Ku tuna ni mutumin tudu ne. Ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne kududdufin bayan garinmu, wanda akuya ke tsallakewa in ta ga dama. Ban taɓa ganin kwalekwale ba, balle in gane shi a kife.

Muka koma Zarambu, na yi kwana arba'in ina shela, kasuwa-kasuwa, ƙofa-ƙofa. "Jama'a, Tunau ne! Na taka, na tona, na lasa! Ƙasa baƙa mai danshi da rani, wake kwana uku! Aibinta ɗaya, nisa, kuma ba inuwa, mai zuwa ya tafi da iccen dashe!" Har aibin ma na faɗa, kun ji, yadda na saba. Garin ya ɗauka gaba ɗaya, sai da sakaina ta yi wuya a Zarambu, aka koma fasa sababbin ƙore.

Ana saura kwana uku a fitar da ƙuri'a, Inna Tasalla ta kira ni bayan rumfa, ta rage murya ta ce, "Ɗan nan, tsakaninka da Allah, ka taka wurin?"

Na ce, "Inna, na taka, na tona, na lasa. Da uwata na da rai, da na ce ta saya."

Ta ce, "Shekara hamsin ina sayen gero a hannun mutane. Ina so kafin in mutu in ci tuwon da na shuka da hannuna." Ta kwance bakin zanenta ta sayi sakaina ɗaya tak.

Ranar fitarwa dandali ya cika har kan soraye. Ni na tsaya a bakin tulun, na sa ido kamar kaza mai 'ya'ya, don na ce in akwai maguɗi to a nan zai ɓullo. Na binciki hannun rigar makahon, na juya tulun da kaina sau bakwai. Wallahi ba a yi maguɗi ko na ƙwayar gero ba. Ɓari na sittin da uku da aka zaro ya haɗu da na Inna Tasalla tsaf, tsohuwar ta rangaɗa guɗa, ta rungume ni tana sa mini albarka. Waɗanda suka ci suka shiga sayar da gidaje da rumfuna don sayen shanun noma da iri. Da masu sayarwa suka yi yawa farashi ya faɗi, Cindo ya ce don tausayi zai saye duka kada su wulaƙanta. Har rumfar uwar Inna ta shiga hannunsa. Ya ce shi zai tsaya ya ƙarasa sha'anin gari, ni in yi wa mutane jagora.

Gida ɗari na ja a baya har gandun. Muka kafa bukkoki, aka yi huɗa aka yi shuka, ruwan sama ya sauka daidai. Cikin wata biyar gero ya fi mahayin raƙumi tsawo. Inna kan zaga gonarta kowace safiya tana shafa zangarniya tana yi musu magana. Ban taɓa jin daɗin sana'ata kamar a watannin nan ba.

Saura kwana goma a fara girbi, da hantsi, na hango baƙin mutane a kan tudu suna birkice gumaguman nan suna toshe tsagoginsu da ƙaro. Na hau na yi sallama. Wani tsoho mai farin gemu, da taru a kafaɗa, ya amsa ya dube ni sama da ƙasa.

Ya ce, "Ku ne kuka yi shuka a gadon tafki?"

Na ce, "Wane tafki, Baba? Gandu ne, mun saya."

Ya ce, "Ɗana, wannan Tafki Mai Komowa ne. Shekara tara yake yi a ƙarƙashin ƙasa, a ta goma ya fito cikin wuni ɗaya, ranar da balbelu suka iso. Mu masunta ne, shi muke jira, waɗannan jiragenmu ne. Ba wanda ya gaya muku? Ai wani mai yatsa shida ya zo nan shekara huɗu da suka wuce, ya kwana biyu a wurina, ya ba ni gishiri, ya tambaye ni shekarar da watan har ya ƙulla a igiya."

Shekara huɗu! Ni kuwa shekara uku ke nan da fitowata daga rijiya. Na ce, "Baba, yaushe balbelun za su iso?" Tsohon ya nuna gabas da haɓa, na duba na ga sama ta yi fari da fukafukai.

Na gangara a guje. Kafin in kai bukkar farko ƙasa ta fara gumi a ƙarƙashin ƙafata, rijiyar da muka haƙa tana tumbatsa tana kumfa. Na ɗaga ƙuge na buga, na saki murya irin wadda ban saki ba ko a cikin rijiyar hamada: "Jama'a, Tunau ne! Ku bar komai ku hau tudu! Ruwa na zuwa! Ku ɗauki 'ya'yanku ku bar komai!" Sama tas take ba ko gajimare, amma ba mutum ɗaya da ya tsaya tambaya. Mai tuƙa tuwo ta saki muciya, mai sassaƙa ya yar da gizago, gida ɗari suka kwasa a guje don kawai ni na faɗa. Wannan yardar ta fi komai yi mini ciwo har yau.

Inna Tasalla kaɗai ta ƙi. Na same ta tsakiyar gonarta, ruwa a gwiwa, ta rungume karan gero tana cewa saura kwana goma, saura kwana goma kawai. Na saɓe ta a baya tana dukana. Ruwa ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, ga gero ya rufe mu ba mai hango mu daga tudu, ni kuma ban iya iyo ba. Sai na ce mata ta hau kafaɗata, na miƙa mata ƙugen da sandarsa na ce ta yi ta bugawa kada ta tsaya. Ruwa na taɓa mini leɓe lokacin da tsohon masuncin nan ya biyo ƙarar ya kutso da jirginsa cikin karan, ya tsamo mu ɗaya bayan ɗaya.

Kafin la'asar ko kan zangarniya ɗaya ba a gani. Ba a rasa rai ba, amma shanu da iri da bukkoki da duk abin da aka sayar da gidaje aka saya, suna ƙarƙashin ruwa gaba biyar. Mutane suka zauna a kan tudu suna kallo. Na so a zage ni, na so a jefe ni, ba wanda ya yi. Wani maƙeri ne kawai ya juyo ya ce a hankali, "Ka ce ka taka."

Masunta suka ciyar da mu kifi, muka kamo hanyar Zarambu da ƙafa. Ina shiga gari ban tsaya ko'ina ba sai gidan Cindo, wanda yanzu bene ne mai hawa uku. Ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo ruwan zuma, ya ce muryata ta dushe, in sha.

Na ce, "Cindo, ka san ruwan nan zai dawo."

Ya ce, "Na sani."

"Ka bar ni na rantse wa mutane! Ka bar ni na ce wa Inna da uwata ce da na ce ta saya!"

Ya ce, "Tsaya, ɗan'uwa. Na taɓa ce maka babu ruwa? Kai ka taka, kai ka lasa, kai ka ce jiragen nan na dusar dawaki ne. Ni iyakata na ce idonka ya fi nawa. Ga rabonka can na ware maka, ka ɗauka mu bar garin tare, akwai wasu garuruwan."

Na ce, "Rijiya fa? Tsuntsun da ya sare ka saboda ni fa? Duk wannan ma ƙarya ce?"

Ya dubi tabon hannunsa ya ce, "Ba ƙarya ba ce. Ina da ƙasar sayarwa, ba ni da bakin da za a yarda da shi, shekara guda ina nema. Ran nan muryar na bi, Tunau. Da na leƙa na tarar a jikinka take, sai na ciro ku tare."

Na sha jin zafi a duniya, amma ban san mutum na iya jin sanyi har cikin ƙashi da rana tsaka ba sai ran nan. Ban taɓa zumar ba, ban taɓa rabon ba, na fita.

Washegari aka kai mu gaban alƙali. Dokar Zarambu kuwa ita ce wanda ya faɗa shi ke ɗauka. Alƙali ya tambaye ni, "Ya ce maka babu ruwa?" Na ce, "Allah ya gafarta malam, bai ce ba." Ya tambayi jama'a, "Bakin wa kuka ji?" Suka ce na Tunau. Aka sallami Cindo. Ni kuwa aka yanke mini hukuncin mai shelar ƙarya: aka kira maƙeri, wannan dai da ya yi mini magana a kan tudu, ya narka darma ya tsiyaya cikin ƙugen kakana har ya cika baki. Yana yi yana kau da kai. Bayan kwana biyu na hango Cindo yana fita ta ƙofar yamma, ta wajen hamada, da sabuwar igiya doguwa a naɗe a bayan raƙuminsa.

Kafin in bar garin na je neman Inna Tasalla. Na same ta a gindin bangon wani, cikin rana, da 'yar tanda ta aro mai gida uku, tana korar ƙuda. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ba ta ɗaure mini fuska ba. Har ta ɗauki waina biyu ta ƙunshe a takardar bango ta miƙo mini, ta ce na rame.

Na ce, "Inna, ba ni da abin da zan biya ki. Amma bakina na nan ko ba ƙuge. Ki bar ni in zaga kasuwa in yi miki talla kyauta, kullum, har in mutu."

Ta yi sauri ta kama hannuna, ta waiga hagu da dama ko wani ya ji. Sannan ta ce, "Don Allah, ɗan nan, kada ka ambaci wainata. Ka bar ni in sayar."

Na tashi na rataya ƙugena, wanda yanzu ya ninka nauyinsa na da, na fita ta ƙofar kudu. Shekara talatin ke nan ina yawo da shi, kuma tun daga ranar ban sake yaba kayan kowa ba, ko ruwan da kuka ba ni ɗazu ban ce muku yana da sanyi ba. Nan labarina ya tsaya. Wanda ya yarda ya yarda, wanda bai yarda ba ba zan rantse masa ba.